Shinkafar da Baba Ya Tuge

Abin da na fara gani ranar da muka iso unguwar Turawa ta Nasarawa shi ne garewanin kananzir, an jera su a bayan gidan da aka sauke mu, kowace da lamba da farin fenti, shinkafa na tsiro a ciki. Ban taɓa ganin an shuka shinkafa a garwa ba.

Shekara guda ke nan kafin mulkin kai. Baba ya sami aikin lambu a gidan Baturen gona, aka ba mu ɗaki a bayan gidan, kusa da na kuku. Dalilin aikin nan ne aka sa ni makarantar 'yan mata. Inna ta gaya mini tun a hanya: ranar da aikin ya ƙare, ranar za mu koma ƙauyenmu na ƙasar Haɗejiya, inda babu makaranta.

Ba ni da surutu, sai kallo. Kullum da safe akawun Baturen, wani malami Kirista mutumin ƙasar Zazzau, yakan auna gishiri da cokali ya zuba a ruwan da za a ba shukar. Yawancin garewanin sun yi rawaya sun langaɓe. Shida na ƙarshen layi kuwa suna tsaye. Na lura ganyayensu na ƙasa ne kawai ke bushewa, sabon ganye na tsakiya kore shar. Wata rana na tsinki busasshen na lasa, gishiri zau. Na lasa sabon, ban ji komai ba.

Baturen da malamin suka tafi rangadi, suka bar wa Baba ban ruwa. A kwanakin nan shidan suka fitar da kai, da dogon gashi ja. Baba na gani ya riƙe baki.

"Ashe shinkafar daji ce ta shiga wa bawan Allah! Wannan in ta zubar da iri, ta gama da gona."

A garinmu duk manomin da ya bar ta a fadamarsa dariya ake yi masa. Baba ya tuge su tas, ya watsar a juji, yana murna ya yi wa maigidansa aiki. Ni kuwa gashin nan ja ya ba ni sha'awa. Na tsinci uku na dasa a fasasshiyar tukunya a bayan ɗakinmu, ina satar gishirin Inna ina barbaɗa wa ruwansu, yadda na ga malam na yi. Biyu suka kama.

Ranar da suka dawo, Baturen ya tsaya kan garewanin, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Malam ya fassara: daga nesa aka kawo irin, daga inda kanwa ta cinye gonaki, kuma shidan nan kaɗai ake jira a ga ko za su rayu. Ya ce Baba ya kwashe kayansa ƙarshen wata.

Kuku ya leƙo ta taga. "Kai ma dai, manomin kirki! Ciyawar Bature ai ba ciyawa ba ce."

Baba ya matsa gaban Baturen. Ya durƙusa, hularsa a hannu.

Na zagaya na kinkimo tukunyar, na dire a gaban malam, na kasa ɗaga kai.

"'Yan mata, ina kika samo wannan?"

Na faɗa masa, murya ƙasa-ƙasa. Ya ce da wane ruwa nake ba ta. Na ce mai gishiri. Sai bakina ya kufce, na ƙara da cewa gishirin a tsohon ganye take tara shi, ta bar shi ya mutu, sabon ya tsira.

"Wa ya gaya miki?"

"Lasawa na yi."

Malam ya yi dariya har da dafa gwiwa, sannan ya juya wa Baturen da Turanci. Ya daɗe yana magana, fiye da abin da na faɗa nesa ba kusa ba. Har yau ban san me ya ƙara ba, amma na san domin mu ya ƙara shi, kuma ban daina yi masa addu'a ba. Baturen ya tsinki busasshen ganye ya ɗora a harshe, ya tofar, ya ce Baba ya tashi ya koma aikinsa.

Malam ya sunkuyo. "Ya ce me kike so? Alewa ko littafi?"

Na dubi Baba yana karkaɗe gwiwarsa.

"Malam, don Allah in za a sake shuka wani abu, a riƙa gaya wa Baba ko mene ne."