Ziblim Mai Hoto da Idon Kaka

Da sunan Allah nake farawa. Labarin Ziblim mai hoto nake so a rubuta mini, wanda shagonsa ke bakin titin Maamobi, daidai inda motocin haya da muke kira trotro ke tsayawa.

Ziblim ɗan Tamale ne. Da ya sauko Accra, doya da buhun albasa yake ɗauka a kasuwar Malam Atta. Wani tsoho mai hoto a New Town ya ga hankalinsa, ya koya masa aiki tun ana wanke fim. Yau shekararsa ashirin da buɗe nasa shago. Taurin kansa a kan abu ɗaya ne: in hoto ba zai fito da kyau ba, ba ya bugawa, ko za ka yi fushi.

Bara 'yata Zakiya ta gama karatun nas a Kumasi. Mahaifiyata, da muke kira Kaka, ita ta goya ta, amma ba ta je bikin yaye su ba. Ƙafa ta ƙi, ido ma ya yi rauni. In an miƙa mata waya sai ta ce haske kawai take gani. Kullum bayan asuba addu'arta ɗaya, Allah ya nuna mata yarinyar nan cikin fararen kaya.

Sai na kai wa Ziblim wayata, na ce ya buga mini hoton Zakiya na ranar bikin babba, kamar rabin ƙofa. Ya buɗe shi a kwamfuta, ya ƙara girma. Innalillahi! Fuskar Zakiya ta fashe gida-gida kamar saƙar tabarma.

Ya ce, "Anti Lamisi, wa ya turo miki?"

Na ce, "Suweiba, maƙwabciyata."

"Ita fa?"

"Ƙungiyar matan masallaci."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Hoton nan ya fi ni yawo! Anti, hoto ɗigo-ɗigo ne. Duk wayar da ya ratsa ta Wasaf sai ta matse shi, ɗigon ya ragu. Yadi ɗaya kika kawo, kina son riga da zani da mayafi."

Na ce, "To ja shi mana, ɗan nan."

"In na ja, Kaka za ta ce koko aka zubar a takarda. Sai mun nemo kyamarar da ta ɗauka."

Wallahi ya rufe shago ranar. Muka bi mata gida-gida, kowace tana nuna wata, har muka dangana da unguwar Madina a nan Accra, wurin wani Issifu da ƙanwarsa ta gama tare da Zakiya. Allah ya taimake mu bai goge ba. Ziblim ya kwafo hoton kai tsaye daga katin kyamarar.

Ran Juma'a bayan la'asar ya kawo shi gida cikin firem, ya jingina a tsakar gida inda rana ke faɗawa. Muka zaunar da Kaka a gabansa. Ta matso, ta shafa gilashin.

Can ta ɗago. "Wa ya sa wa jikata hijabi a karkace? Duk ku masu ido kuna tsaye a wurin?"

Suweiba ta rangaɗa guɗa. Ni dai Alhamdulillahi kawai nake maimaitawa, hawaye na zuba. Kaka ba ta ko waiwaye mu ba, ta koma duba maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya.