Gwangwanin da Ba a Kai wa Maƙeri Ba

Cikin duk ranakun da na yi a ɗakin nan, wadda ban taɓa mantawa da ita ba ita ce ranar da Ammu Salihu ya ce zai rufe shi. Ku da kuka fara aiki bana kun tarar da mu da fanka da kujeru, kuna tsammanin haka aka fara. Ba haka ba ne. Ku saurara, don ba na son maimaita magana.

Abin ya faru a farkon shekarun alif ɗari tara da sittin, bayan kuɗin takarda ya zauna, an daina ciniki da riyal na azurfa. Ban daɗe da zuwa daga Sudan ba, inda na yi sakandare muna kan hanyar zuwa Makka. Ammu Salihu, wato Baffa Salihu, ɗan canji ne, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci. Shagonsa na kusa da Harami, mu kuwa mata muna aiki a benen gidansa a unguwar Tandabawi.

Ga yadda aikin yake a lokacin. Ammu yakan karɓo tsabar kirshi, ƙananan kuɗin ƙasar, daga banki, a naɗe cikin takarda kamar guntayen rake. Mu warware naɗin, mu baza a tire, mu duba. Tsohon riyal na azurfa kusan girmansa ɗaya da babban kirshi, don haka yakan ɓuya a ciki ba a lura ba. In kin ga wanda gefensa ya fi haske, ki buga shi a kan dutse. Azurfa tana da ƙara mai tsawo, kirshi kuwa ƙwas yake yi ya mutu. Azurfar a jefa a gwangwani, sauran a sake naɗewa a mayar shago don canji. In gwangwani ya cika, a kai wa maƙeri ya auna ya narka.

Mu uku ne: ni, da Uwani wadda aure ya kai ta Jidda daga baya, da Inna Kulu. Inna Kulu Basakkwaciya ce, ta zo Hajji da ƙafa tare da mijinta, ya rasu a nan, ta zauna. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da kowa. Ɗakin nan ne abincinta, shi ne kuma mafakarta, domin in ta fita talla bakin titi aka kama ta, jirgi za a sa ta zuwa garin da ba wanda ya rage mata a cikinsa.

Ana saura 'yan makonni Hajji, da hantsi, Ammu ya hau bene ya tsaya bayan labule kamar yadda ya saba, ya yi sallama. Ya ce azurfa ta ƙare a gari, sai a warware naɗi tuli kafin a ga ɗaya, abin da maƙeri ke biya ko shayinmu ba ya fitarwa. Da alhazai sun tafi, halas, shi ke nan, zai rufe ɗakin.

Na ce, “Ammu, Inna Kulu fa?”

Ya ce, “Allah Karim, ya binti.”

Na ce, “Allah Karimi ne, amma kai ne mai ɗakin.”

Uwani ta mintsine ni. Sai muka ji takun Ammu yana sauka. Inna Kulu ba ta ɗaga kai ba, ta ci gaba da buga tsabarta a dutse. Sai can ta ce, “Safiya, bakinki shina gaba da ke kullum. Zamna ki yi aiki.”

Lokacin Hajji Ammu yakan ba alhazai hayar ɗakunan ƙasa. Bayan azahar wata Hajiya Tasalla, mutuniyar Kano, ta hawo neman aron allura. Ni raina a ɓace yake, na miƙa mata ko kallonta ban yi ba. Maimakon ta tafi, sai ta tsuguna ta sa hannu a gwangwani ta ɗauko riyal ɗaya.

Na ce, “Hajiya, ba a taɓawa.”

Ta ce, “To, sarauniya. Mene ne aka rubuta a jiki? Ke da ganinki kin yi boko.”

Na karɓa na karanta mata don ta tafi. Na ce an rubuta cewa a Makka mai alfarma aka buga shi.

Ta riƙe shi a tafin hannu ta daɗe tana kallo. Ta ce nawa ne. Na ce ba na sayarwa ba ne, na maƙeri ne, wuta za a sa su.

Ta ce, “Wuta? Sunan Makka za ku sa a wuta? Ke 'yar nan, kuna da hankali a gidan nan kuwa?”

Ta zauna daɓas ta fara ba mu labari. Kwana da kwanaki tana yawo a kasuwa tana neman tsarabar jikokinta mata. Tasbaha, zobe, kallabi, duk wanda ta ɗauka sai a ce daga wata ƙasa aka kawo shi. Ita abin da take so shi ne wanda in ta rataya wa yarinya a wuya, malamin unguwa zai karanta ya ce lalle wannan daga Makka yake. Ta tona gwangwanin ta zaɓo masu huji, waɗanda banki ba ya karɓa, mu ma muna ganinsu mafi ƙasƙanci. Ta ce waɗannan sun fi, an rage mata aiki. Kuɗin da ta ambata ya ninka na maƙeri.

Inna Kulu ta ajiye tirenta. Ta ce, “Can gida haka muka ratayawa ɗiya liyari ga wuya. Na iya kitsa igiyar.”

Ba ni da ikon sayar da ko ɗaya. Na yafa mayafi na sauka, na tarar da Ammu ya dawo cin abinci. Ban jira ya wanke hannu ba, na tsaya bakin ƙofa na zazzage masa komai.

Bai yi murna ba. Ya ce shi ɗan canji ne, ba mai sayar da laya ba. In magana ta fita cewa a gidansa ana sayar wa alhazai abin ratayawa don neman tsari, hukuma za ta rufe har shagon. Wannan tsoro na gaskiya ne, ban raina shi ba. Na ce ba za mu ce yana maganin komai ba. Tsohon kuɗi ne, azurfa ce, ga abin da aka rubuta a jiki, iyakar abin da za mu faɗa ke nan. Wadda ta nemi ƙari ta tafi wani wuri.

Ya ce, “In ba su saya ba fa?”

Na ce, “Ai maƙeri bai mutu ba.”

Ya yi dariya ba da son ransa ba. Ya ce tayyib, ya yarda, gwangwani ɗaya, zuwa tafiyar alhazai. In ya rage, maganarsa ta safe tana nan.

Inna Kulu ta sa aka sayo baƙin zare, ta zauna tana kitsa igiya, hannunta ya fi na kowa sauri. Hajiya Tasalla ta sauka da nata a wuya, ba ta ko jira ta kai wa jikokin ba. Washegari ta dawo da mata huɗu na ɗakinsu. Bayan an sauko daga Mina sai ga matan Katsina, ga na Damagaram, har da waɗanda ba Hausa suke ji ba, suna nuna wuya da yatsa. Wata ta matsa mini in ce yana hana mayu kama yaro. Na ce ba ya hanawa. Ta ce ban iya ciniki ba. Na ce na sani. Ta saya duk da haka.

Gwangwanin bai kai tafiyar alhazai ba. Har na ƙarshe, wani da ya sha hannu rubutunsa ya kusa gogewa, sai da aka yi jayayya a kansa.

Da gari ya yi shiru bayan Hajji, muna zaune ba mu san matsayinmu ba, sai muka ji ana hawo da kaya. Sababbin naɗi ne daga banki. Ammu ya tsaya bayan labule ya ce daga yau ba a kai wa maƙeri komai, a tara wa baɗi, a ware masu tsohon bugu daban don akwai Turkawa da ke tambayarsu a shago. Sannan ya ce, “Inna Kulu, zare ya isa ko a ƙaro?”

Ta ce, “A ƙaro, Alhaji. Baƙi, ba shuɗi ba.”

Abin da na koya shi ne, mun yi shekaru muna sauraron ƙarar azurfa a dutse, ba wadda ta taɓa tambayar wa zai so ta, sai da mai aron allura ta sa hannu inda na hana ta. Don haka in baƙuwa ta hawo benen nan tana tambaye-tambaye, ku ba ta wuri, ku amsa mata. Ni har yau haƙurina kaɗan ne, shi ya sa nake sa ku. Kuma duk riyal mai huji da kuka samu, kada ku jefa a gwangwani. Ku miƙa wa Inna Kulu, ga ta can bakin taga da zarenta.