Gyaran da Na Yi wa Baba a Ɓoye

Tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya idan abu yana cin raina, kuma zuwa Doha bai raba ni da halin ba. Akwai makon da na yi ta sauka daga ofishinmu da ke Mushairib, in zagaya layin, in hau, in sake sauka, har mai shayin karak na ƙasan ginin ya fara zuba mini tun kafin in buɗe baki. Abin da ya hana ni zama bai wuce layi goma sha biyu na rubutun kwamfuta ba.

Aikin da nake ci da shi daban ne. Amma a gefe, ina cikin mutum huɗu da ke kula da wata ƙaramar manhaja ta tsara jadawalin masu aikin karɓa-karɓa, irin masu gadi da direbobi da ma'aikatan asibiti. Manhajar a buɗe take. Kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda aka gina ta, in ya hango gyara ya rubuta ya turo. Mu masu kula sai mu duba a shafin da duk duniya ke karantawa, mu ce nan daidai ne, nan da kuskure, je ka gyara ka dawo. In gyaran ya shiga, sunan mai shi ya zauna a tarihin aikin, kuma sunan nan shi ne kaɗai ladan. Ni ne ma na rubuta rabin ƙa'idarmu ta zaman tare, wadda ta ce a mutunta kowa, a soki aiki kada a soki mutum. Ina ji da kaina a kan wannan takarda, ba zan ɓoye ba.

Ranar Juma'a Hausawa kan haɗu a wani gida a Al Rayyan bayan an sauko daga masallaci, a ci shinkafa a taɓa hirar gida. A nan na san wani dattijo da kowa ke kira Baba. Mai gadi ne a filin jirgin sama na Hamad, ya girme ni da fiye da shekara ashirin, kuma kafin ya zo ƙasar nan malamin lissafi ne a wata sakandare a Funtuwa. Dogo ne, ba shi da yawan magana. Ban taɓa sanin yana koyon rubuta manhaja ba. Ashe a motar da ke kai su aiki yake karatu a waya, ranar hutu kuma ya gwada a wata tsohuwar kwamfuta da wani direba ya bar masa da zai koma gida.

Wata Juma'a ina wanke hannu ya matso kusa da ni.

"Injiniya, na turo muku wani ɗan abu a aikin nan naku. In ka samu sarari ka duba."

"Wane aikin, Baba?"

"Na jadawali mana. Manhajarku ta ɗauka duk duniya Asabar da Lahadi ake hutu. Mu nan Juma'a da Asabar ne. Kullum sai na bi na gyara da hannu, na gaji."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ji kunya, don shekarata uku a Doha ban lura ba. A jirgin metro na buɗe abin da ya turo. Ya gano matsalar daidai inda take. Sai dai a wajen gyarawa ya mayar da Juma'a da Asabar ranakun hutu ga kowa da kowa, har da ma'aikaciyar jinya da ke can wata ƙasar da ba ruwanta da hutun Juma'a. Kuskure ne irin na sabon hannu, ni ma na yi wanda ya fi shi muni a farkona. Da wani baƙo ne ya turo, da cikin minti biyar na rubuta masa bayani na wuce.

Amma wannan Baba ne. Sauran ukun suka bar mini dubawar, tunda ni ne a yankin. Na rubuta "akwai kuskure a nan", na goge. Na rubuta "wataƙila da za a sake dubawa", na goge. Ta yaya zan tsaya a gaban duniya in ce wa sa'an mahaifina ya yi kuskure, ranar Juma'a kuma in sa hannu a faranti ɗaya da shi? A gidanmu in babba ya yi tuntuɓe a gaban mutane, kai ƙarami sai ka san yadda za ka daidaita abin shiru, kowa ya yi kamar bai gani ba. Haka aka rene ni. Kwana uku ina buɗe shafin ina rufewa, shayi yana hucewa a hannuna.

A rana ta huɗu na samo abin da na ɗauka dabara ce. Na zauna na rubuta gyaran da kaina yadda ya kamata, kowace ƙasa ta zaɓi ranakun hutunta. Na shigar da nawa. Nasa kuma na rufe shi da kalmomi masu daɗi: mun gode ƙwarai, an warware wannan a wani gyaran. Ban nuna kuskurensa ko ɗaya ba. Na tashi ina jin na rufa wa dattijo asiri, har na yaba wa kaina tarbiyya.

Juma'ar da ta biyo baya bai zo ba. Ta gaba ya zo, ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki da mutanen gida, sannan ya je can ƙarshen tabarma ya zauna. Bai sake turo komai ba. Nan fa zaman ya gagare ni.

Ɗaya daga cikin masu kula da aikin, wata mata da ban taɓa ganin fuskarta ba, ta rubuto mini ni kaɗai. Ta ce ta ga na rufe gyaran sabon mutum ba tare da bayani ba, kuma tunanin nasa ne amma sunana ne a kai. Na amsa mata da zafi, na ce al'adarmu ce, ba za ta gane ba. Ta ce ta yarda ba ta sani ba, amma shi na tambaye shi? Haushi ya kama ni, irin haushin da ke kama mutum idan an faɗa masa gaskiya.

Ban iya jiran wata Juma'ar ba. Ranar Talata da la'asar na bar ofis na hau metro har filin jirgi, na same shi a inda suke jiran motar komawa masauki, da kayan aiki a jikinsa. Zafi ya sa kowa ya lafe a inuwa. Na gaishe shi, na fara kame-kame.

"Baba, game da abin nan da ka turo. Wallahi girmanka na duba. Akwai ɗan kuskure a ciki, sai na ga bai dace in faɗa a fili ba."

"Na san da kuskure," ya ce. "Ai don haka na turo. Da na iya, me zan zo nema wurinku?"

Ya gyara tsayuwa, ya ci gaba.

"Injiniya, kafin in turo sai da na yi wata biyu ina karanta shafin nan. Na ga yadda kake yi wa mutane. Wani ka mayar da shi sau huɗu, a na biyar ka karɓa, sunansa ya shiga. Na ce to, ni ma zan samu malami. Sai na zo, ka yi mini godiya ka rufe ƙofa."

"Ban yi nufin haka ba, Baba."

"Na sani. Shekara goma sha takwas na yi ina bin littafin yara da jan biro. Yaron da na daina taɓa littafinsa, wanda na cire rai da shi ne. A wurin aikin nan kullum mutane dubu suna wuce ni, ba mai kallon fuskata. Can ne kaɗai na sa ran za a kalli abin da na yi."

Motarsu ta iso. Direban ya leƙo yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri. Baba ya ɗauki jakarsa.

"Khalas, ya wuce," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta fi mini zagi ciwo. Na koma a tsaye a cikin jirgin metro duk da ga kujeru ba kowa.

Washegari da safe na cire gyarana daga manhajar, na sake buɗe nasa. Na rubuta a fili cewa tunanin nasa ne, ni na yi kuskuren rufewa ba bayani. Sannan na zo wurin da ya fi wuya. Na gaishe shi da Hausa, layi ɗaya, kowa ya gani. Daga nan na bi aikin layi-layi: nan ka tilasta wa kowace ƙasa hutun Juma'a, nan ka maimaita abu sau biyu, nan babu gwajin da zai nuna gyaran yana aiki. Kuskure uku, ban rage ko ɗaya ba. Na tura, ina jin kamar na ɗaga murya a gaban mahaifina.

Kwana biyar babu amsa. Na duba a lif, na duba a layin abinci, na duba ina tsaka da taro har shugabana ya harare ni. Na fara gaya wa kaina na ɓata abin sau biyu, da farko da shiru, yanzu kuma da magana.

A rana ta shida gyaran ya dawo. Ya warware biyu tsaf, har ya fi yadda na yi nawa tsabta. Na ukun yana nan, gwajin bai kama komai ba. Abu ne na minti biyu a wurina, yatsuna har sun hau madannai. Na janye su. Na rubuta: "Baba, da saura. Gwajin bai duba ƙasar da ke hutun Lahadi ba."

Ko rabin awa ba a yi ba amsa ta shigo, da alama daga cikin mota ya rubuto.

"Na gani. Kada ka taɓa mini, ni zan gyara."