Nawa Kawai Na Riƙe

Bara bayan an gama yankan gero na koma Filinge, na shiga gidan Malam, marubucin wasan kwaikwayon nan da duk ƙasar Kurfai ke tinƙaho da shi. Na yi ƙuruciyata cikin 'yan wasansa, amma tun da ya rasu ban taka ƙofar ba. Na tarar an shafe gidan da farar ƙasa, an jera injin rubutunsa da tabarau da buta don masu zuwa kallo. Har igiya aka gitta a bakin ɗakinsa. Ni da na sha faɗa a ɗakin nan har kunnena ya saba, yau igiya ce ke tare ni. Raina ya ɓaci, na zauna a zaure ni kaɗai.

'Yarsa ce ke kula da gidan, malamar makaranta ce. Da ta gane ni sai ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baba, kai nika nema," in ji ta. "Wasan mai ginar rijiya, wanda kunka yi na ƙarshe, rediyo ba ta ɗauke shi ba, kuma ban iske takardarshi ba. Ka faɗa mini in rubuta."

Ba za ta taɓa samun takardar ba. Malam ba ya ba kowa wasa cikakke. Naka kawai zai rubuta maka, ka haddace, ya karɓe ya jefa a murhun shayi. Wai in ka san abin da abokin wasanka zai ce, fuskarka za ta riga bakinsa. Amsa sai ka ji ta a fili tare da 'yan kallo. Mun yi ta gunaguni a bayan idonsa, amma tsohon da gaskiyarsa, mamakinmu a dandali na gaske ne. Wannan wasan kuwa sau ɗaya muka yi shi, ciwo ya kwantar da Malam.

Na miƙe a tsakar gida, na gyara murya. Ni ne mai ginar rijiyar.

"Na kai gaba ashirin ban ga ruwa ba, ke ko har kin sawo guga."

Na tsaya ina jira, kamar yadda ya koya mana. Wadda ta fito a matata ta rasu a Bonkuku. Wanda ya fito a maigari an binne shi a Damana. Na ci gaba da nawa, malamar na rubutawa tana tsallake layi, har shafin ya cika rabi rubutu rabi fari. Kaɗaici ya kama ni irin wanda ban ji ba ko ranar jana'izarsu.

Ta aza alƙalami a layin farko da ta bari.

"Nan hwa, Baba, mi tac ce maka?"

Na tuna mutane sun yi dariya har wasu na riƙe ciki. Ni a lokacin hankalina na kan abin da zan faɗa a gaba. Ban saurare ta ba, kuma babu sauran wanda zan tambaya.