Robar da Na Ɗaura wa Famfon Masallaci

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sada na Babban Duhu, Allah Ya jiƙansa. Duk shekara in lokacin ya zagayo, sadakar ƙosai nake yi in ja bakina in yi shiru. Bana kuwa shirun ya ƙi. Ku yi haƙuri da rubutun, aji uku na yi a firamare, shi ma rabinsa a kan bishiyar kanya na yi shi.

Yaya ba ya wasa da ruwa. Mun tashi a inda in rani ya tsananta sai an tona yashin rafi, a zauna jiran ruwa ya tsattsafo, a kwasa da ƙoƙo. Tare muka sha wahalar nan, amma ni ina komawa Batsari na manta da ita, shi kuwa da ita aka binne shi. Da rabin buta yake alwala, kuma ba ya barin lam'a. In ya zo wurina ya ga famfo na ɗiga, ba ma gama gaisawa zai tashi neman tsumma. Nakan ce, "Yaya, nan fa birni ne." Sai ya ce, "Birnin ne ke yin ruwan, Iro?"

Da yana raye da ya yi murna da abin da ya zo mana bara. An kawo tsarin rangwame: wanda ya kai tsohon kan famfonsa mai yoyo, a ba shi sabo a rabin kuɗi, irin wanda ake dannawa ya zubo kaɗan ya rufe kansa. Kwamitin masallacinmu ya kai namu duka aka canza, don tankin ruwan masallacin ba namu ba ne mu kaɗai. Tun da mutanen ƙauyukan Ruma suka gudo wa 'yan bindiga, a nan matansu ke ɗiban ruwa. Sola ce ke cika shi, in rana ta yi sanyi sai kuma gobe.

To, sabon famfo bai san girman tsoho ba. Kana tsakiyar wanke fuska zai ɗauke. Ka danna, ka tara hannu, ya ɗauke. Muka yi ta gunaguni, har wani ya rantse wanda ya ƙera shi ba ya salla. Ni da Allah Ya hore wa dabarar banza, sai na yanko robar tsohon tub na tayar babur na ɗaure kan famfon, ruwa ya dinga zuba kamar da. Tsofaffi suka yi ta sa mini albarka, na koya wa duk wanda ya tambaya. Wanda kuwa ya ji an ta da iƙama, ina zai tsaya kwance roba?

Ran nan bayan la'asar na fito na tarar da wata mata 'yar Ruma da goyo, jarkokinta a jere, tanki ya ƙafe. Wurin alwala kuwa ruwa ya kwanta har agwagi na wasa a ciki. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce, "Baba, ku ne manya. Don Allah ku tsawata wa yaran da ke ɗaure famfon nan. Jiya sai da muka roƙi ruwa a maƙwabta kafin mu ɗora tukunya."

Ragowar robar tana cikin aljihuna. Na ce, "To 'yata, za a tsawata."

Tun ranar nake tambayar kaina, da Yaya na tsaye a wurin me zai yi? Ba na jin zai yi mini faɗa, shi ba mai wa'azi ba ne. Jarkokin zai ɗauka ya tafi neman mata ruwa, ni kuma in bi shi a baya, duk unguwa na kallo. Da na samu haka ma da sauƙi.

Na yanke robobin, amma dabarar ta riga ta bar hannuna, har a masallacin bakin kasuwa na ji an fara. Abin da na koyar cikin mako guda ya fi yaɗuwa a kan abin da Yaya ya ƙare rayuwarsa yana nunawa. Yanzu bin abokaina nake ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, wasu su ji, wasu su ce, "Iro, yau kai ne mai wa'azi?"

Yaya bai bar gidan siminti ba, bai bar shanu ba. In akwai abin da ya rage nasa, to wannan nauyin ne da ke kama ni duk lokacin da matar ta durƙusa ta gaishe ni. Jiya ma ta yi mini godiya, wai yaran sun fara jin magana.