Ƙwan Tsutsa a Ɗakin Amarya

Shekara talatin Goggo Tursunoy ta yi a ɗakin gwaje-gwajen asibitin garinmu Nurata, ido ɗaya a kan madubin likita, tana leƙa jinin mutane da bayan gidansu. Da ta yi ritaya sai ta koma surfani, kamar sauran matan Nurata. Su suna ɗinka rumman da rana da wata, ita kuwa tana ɗinka abin da ta saba gani, ba ta gaya wa kowa ba.

Da auren jikarta Mohichehra ya zo, ta yi mata zanen bango na alharini, mai wasu ƙwallaye ruwan zuma masu ƙurji-ƙurji a gefe. Aka rataya a ɗakin amarya. Uwar ango, Hajiya Zumrad, ta shafa ta ce, "Kai, wannan rumman ta nuna!"

Sai ga Dakta Ergash, tsohon abokin aikin Goggo, da farantin shinkafa a hannu. Ya gyara tabarau, ya matsa, ya ajiye farantin.

"Tursunoy, ki ji tsoron Allah! Ƙwan tsutsar ciki a ɗakin amarya?"

"Kai dai Dakta bakinka ba ya riƙe ruwa. Ci shinkafarka."

Hajiya Zumrad ta yi salati, ta shiga goge hannu a riga.

Goggo ta ce, "Haba Hajiya, ba don fatan haihuwa ake ɗinka rumman ba? 'Ya'yanta nawa? 'Yan ɗaruruwa. Wannan baiwar Allah kuwa ƙwai dubu ɗari biyu take zubawa a rana. Jikoki kike so ko ba kya so?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, ban da Hajiya, wadda ta sa aka sauke zanen. Amarya ta ɓoye abinta a akwati, bayan sati ta mayar da shi bango.

Yanzu mata har daga Bukhara suke zuwa. Wata ta ce a yi mata na jini, wata ta ce na ruwan kududdufi. Goggo takan zuba musu shayi, ta faɗi sunan kowace ƙwaya da irin ɓarnarta.

Guda ɗaya ce ba ta taɓa ɗinkawa ba: ƙwayar tarin fuka, wadda ta kashe mijinta. Na tambaye ta ko don mummuna ce.

Ta ce, "Ina! 'Yan sanduna ne jajaye a kan shuɗi, gwanin sha'awa. Abin da ke ba ni haushi ke nan. Miƙo min almakashi."