Na Tatse Ta, Ba Ta Daina Kuka Ba

Ban faɗa wa kowa ba, amma kwana uku ke nan ina zuwa bayan ɗaki in zauna da akuyarmu.

Baba ya sayar da ɗanta, wani mutumin Ribah ya tafi da shi a babur. Tun ranar take kuka tana leƙen ƙofa.

Na ce, "Mama, kewarsa take yi."

Ta ce, "Ke dai da shirme! Nono ne ya cika mata hantsa. Je ki tatse ta ki gani."

Na tatse ta tas. Ta lashi hannuna, ta koma ƙofar ta ci gaba da kukanta.

Sai ga nawa hawayen. Wata biyar ke nan da aka kai Yaya Ladi aikatau Kaduna, ni kaɗai nake kwana a tabarmarmu. Kowa ya tambaye ni sai in ce lafiya lau, har ita Yayar a waya.

Ku da kuka fi ni sani, dabba tana kewa kamar mutum?

Ni dai ranar Lahadi, in Yaya ta kira wayar maƙwabta bayan coci, zan ce mata ta dawo, ko da na Kirsimeti ne.